Rasuwar Uwar Ɗari, Wadda Aka Rufa Wa Bargo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da kunya ta hana ta ɗagowa, Malam Sufyanu mai kaji na Adabka, a ƙasar Bukkuyum, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar na'urarsa ta ƙyanƙyasar ƙwai, wadda aka fi sani da Uwar Ɗari. Ta cika ranar kasuwar Bukkuyum da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar, a ɗakin da aka gina dominta, tana da shekara biyu da 'yan watanni a duniya. Ta rasu da ƙwan zabi ɗari cif a cikinta, saura kwana uku su fashe. Babu ko ɗaya a cikinsu da yake na Malam Sufyanu.

An haifi marigayiya a Gummi, a shagon Haladu kafinta, wanda ya haɗa ta da katako da fallen kwano, ya sa mata fitilar kananzir a ƙasa, ya huda mata 'yan ƙofofin shan iska guda shida a sama. A bayan kabu-kabu aka kawo ta Adabka. Waɗanda suka ga isowarta sun shaida cewa duk inda hanya ta ɓaci, Malam Sufyanu sauka yake yi ya ɗora ta a kansa ya ratsa da ƙafa, gatan da matarsa Sahura ba ta samu ba ranar da aka kawo ta.

Duk wanda ya zauna da ita ya san ta da haƙuri da kamun kai. Ba ta taɓa tono a tsakar gida ba, ba ta shiga gonar maƙwabci ta jawo faɗa ba, ba ta kuma taɓa tashi daga kan ƙwai don ta hango fara ba. Abin da take nema kaɗan ne: a zuba mata kananzir, a cika mata 'yar tasar ruwa, a juya mata ƙwai sau uku a yini. A haihuwarta ta fari ta fitar da 'yan tsaki tamanin da huɗu a rana ɗaya. Malam Sufyanu ya raine su da tukunyar gawayi da tsakin dawa, har mutane suka riƙa zuwa daga ƙauyuka suna leƙe ta taga.

Ba mai yawan magana ba ce. Da safe in an buɗe ƙofarta takan ce ƙiii, ita ce gaisuwarta. In an ɗaga lagwani ta ce fuuu, ta koma ta yi shiru. Sai ran fashewar ƙwai ake jin muryarta sosai, ƙwas-ƙwas daga ciki, can kuma tsiyau-tsiyau ta cika ɗakin. Har yau Malam Sufyanu yakan ji wannan kukan a kunnensa, ya waiga, ya tarar ba komai.

Gaskiya ta wajaba a sanarwa irin wannan, don haka ba za a ɓoye ba cewa alherin marigayiya ya hau kan mai ita. Ya shelanta a majalisa cewa zamanin kwancin kaza ya wuce. Kajin gidansa masu kwanci, wasu ya tsoma su a ruwa har suka manta da ƙwai, wasu ya kai kasuwa. Ya sa wa ɗakin na'urar kwaɗo, ya ce hannun mace ba zai taɓa ta ba, mabuɗi kuma kullum yana aljihunsa. Mahaifiyarsa, Inna, tana da wata tsohuwar kaza wake-wake da ta shekara biyar tana ɗora mata ƙwan zabi, tun da zabuwa ba ta iya zaman kwanci ba. Ya matsa a sayar da ita. Kwana biyu sai kazar ta ɓace, da ya tambaya Inna ta ce ta tafi inda Allah ya kai ta, shi kuma bai ƙara bi ta kanta ba.

A ranar ce Inna ta tsaya bakin ɗakin, ta dubi marigayiya sama da ƙasa, ta ce, "Suhyanu, abin da ba ya da hiffike, in sanyi ya taho, da mi za ya ruhe ɗiya?" Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kai maganar majalisa aka taya shi. Amma maganar ba ta fita daga ransa ba.

Da damina ta kankama, zabi suka fara zuba ƙwai, shi da kansa ya bi gida-gida yana cewa mata su daina wahalar da kajinsu, su kawo masa. Mata goma sha ɗaya suka amince. Kowace ta yi wa ƙwanta shaida, wata da gawayi, wata da shuni, wata da ɗigon lalle. Goggo mai nono, wadda ke kawo fura daga rugar da ke bayan gari, ta kawo nata a ƙwarya cike da ƙaiƙayi, waɗanda ta sha raɓa tana tsinta a gindin sabara, ta yi musu layi da tozali. Zabi ba sa ƙwai sai da damina, kuma damina ta riga ta yi nisa. Kowa ya san wadda ta rasa wannan zubin ta rasa zabin bana.

Game da ciwon ajali, an so a ce gajeriyar rashin lafiya ce, amma Malam Sufyanu ya ce a faɗi yadda aka yi. Marigayiya ba ta yi ciwo ba ko na yini ɗaya. Kwana ashirin da biyar tana riƙe da amanar mutane lafiya lau. Sai marka ta sauka, kwana biyu ba a ga rana ba, sanyi ya shiga ko'ina. Ran kasuwa da hantsi Malam Sufyanu ya shiga ya juya ƙwai, ya taɓa bayan katakon ya ji shi da sanyi, sai maganar Inna ta faɗo masa. Bai dubi ma'aunin zafin da ke rataye a ciki ba, wanda yake nuna komai daidai. Ya shiga ɗakin Sahura ya ɗauko bargonta na aure, mai kauri, ya lulluɓe marigayiya ruf har da ƙofofin shan iskarta shida, ya cusa gefe da gefe yadda ake yi wa mai zazzaɓi. Ya ƙara lagwani. Ya datse kwaɗo, ya jefa mabuɗi a aljihu, ya hau mota zuwa Bukkuyum. An ce a rumfar masu kaji ya yini yana ba da labarin zabi ɗari da za a gani a gidansa nan da kwana uku.

Tun azahar Sahura ta ji ƙaurin ulu. Ita da Inna suka tsaya bakin ƙofa suna kallon hayaƙi yana silalowa ta ƙarƙashi, ga kwaɗo, ga dokar maigida. Sun ɓata lokaci suna shawara kafin Inna ta ce a ɗauko taɓarya. Da ƙofar ta ɓalle, bargon ya riga ya kama, suka sheƙa masa ruwan randa. Sahura ta ce marigayiya ta yi wani ɗan sauti, tsss, daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.

Da la'asar ya dawo da tsarabar ƙosai, ya tarar da mata cike da tsakar gidansa. Inna ce kawai ta dube shi ta ce, "To, ka ba ta hiffiken." Ya buɗe ƙofar marigayiya da hannunsa. Ƙwan suna nan a jere, sun yi baƙi da hayaƙi, amma shaidar kowace mace tana nan a jiki, har yana iya faɗin mai kowane ɗaya. Da ya fasa guda, ya ga ɗan zabo cikakke da gashinsa da bakinsa. Ya so a zage shi, ko ya ji sanyi a ransa. Goggo ta ɗauki ƙwaryarta ta ce, "Ba komi, Malam, Allah shi maida alheri," ta fita, sauran suka bi bayanta. Tun da yake bai taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma yau kwana shida ke nan bai leƙa majalisa ba.

Marigayiya ta rasu ta bar fitilarta, wadda gilashinta ya tsage, da tasar ruwa, da ma'aunin zafi wanda ya faɗi gaskiya har ƙarshe ba a saurare shi ba. Ta bar rabin bargon Sahura. Ta bar kwaɗo, wanda har yanzu yake datse a jikin ɓallalliyar ƙofa, da mabuɗinsa da bai amfani kowa ba. Ta bar 'ya'ya da jikoki masu yawa a Adabka da Gummi har Anka, waɗanda ke ta tono abinsu, ba su san an yi rashi ba.

Akwai kuma waɗanda ba ita ta haifa ba, amma dole a ambace su. Kwana uku bayan rasuwar, daidai ranar da aka sa rai, aka ji tsiyau-tsiyau daga ƙarƙashin rumbun Inna. Sai ga tsohuwar kaza wake-wake ta fito tana taƙama, 'yan zabi tara na biye da ita. Ashe nan Allah ya kai ta. Ashe kuma ranar da Goggo ta kawo ƙwai, ta fara biyawa ta ɗakin Inna ta rage tara. Malam Sufyanu ya tsaya yana kallonsu suna shigewa ƙarƙashin fiffikenta, ya tabbata ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Da kansa yanzu yake zuwa daji ya haƙo musu gara.

Jana'iza za ta kasance kamar haka. An riga an binne ƙwan a bayan gida, gindin magarya. Marigayiya kuwa ba za a yi mata salla ba, kasancewarta katako, ba kuma za a haƙa mata rami ba. Sahura za ta kankare ƙunar, a cire fitila, a cire ƙofa, a zuba ƙaiƙayi, a ajiye ta gindin rumbu ta zama akurkin wake-wake da 'ya'yan riƙonta.

Ba za a yi zaman makoki ba, kada kowa ya wahalar da kansa zuwa gaisuwa. An saba a roƙi jama'a su yafe wa mamaci, to wannan ba ta yi wa kowa komai ba. Mai neman yafiya yana nan da ransa, kuma ranar Juma'a da hantsi zai taka da ƙafarsa, gida goma sha ɗaya har da rugar Goggo, ya yi sallama ya durƙusa. Kafin ya fita zai fara da ƙofar da ba ta cikin sha ɗayan, taku goma daga ɗakinsa, inda Inna ke zaune tana watsa wa kazarta tsaki. Ita ce ƙofar da ya fi jin nauyin tsayawa a bakinta.