Purdum da Agwagin Marigayi

"Ni, Purdum Khan, in na ɗaga bindiga, agwagin kwarin nan namu na Chitral gaba ɗaya su fara wasiyya!"

Haka ya faɗa a ƙofar masallaci, ana gobe sadakar arba'in ɗin yayana Zarmast. Purdum ɗan kawunmu ne, mai gashin baki kamar tsintsiya da tumbi kamar tulu. Ya taɓa gadin wani gida a birni inda Turawa mafarauta ke sauka, tun daga nan ya zama malamin harbi, alhali ko ƙadangare ban taɓa ganin ya kayar ba.

Ni kuwa raina a jagule yake. Yaya ya tafi ya bar mata da yara, babu abin yanka wa baƙi sai akuyar da marayun ke shan nononta.

"Kada a taɓa akuyar nan," in ji Purdum. "Gobe zan cika tukwane da agwagi. In na kasa, a yanka ragona!"

Liman ya ce, "Jama'a, kun dai ji."

Ragon nan kuwa, Purdum ya fi son sa da matarsa. Taje masa gashi yake yi, yana ba shi busassun 'ya'yan itace a tafin hannu.

Da asuba muka gangara tafkin da Yaya ya haƙa a gefen kogi, ni ɗauke da buhun agwaginsa na yaudara. Fatun agwagin da ya harba ne, da gashinsu, ya cusa musu ciyawa ya ɗinke. Kowace yana ɗaura mata zare ɗaya a ƙirji da ɗan dutse, ta yadda duk inda iska ta juya, za ta juya ta fuskance ta, kamar yadda mai rai ke yi. Na buɗe buhun na ji warin tabar Yaya, sai da na kau da kai.

Purdum ya leƙa ya yi tsaki. "Allah ya jiƙan Zarmast, amma bai san tsari ba. Wannan ta kalli gabas, waccan ta kalli yamma, sai ka ce kasuwa? Miƙo katakon can, Dinar."

"Yaya Purdum, iskar kwarin nan ba ta zama wuri ɗaya."

"Iska ta san ni. Miƙo ƙusa!"

Ya jera su a kan dogon katako kamar sojoji, ya buga wa kowace ƙusa, ya kafe katakon a ruwa da turaku, bakunansu na kallon tsauni, inda iskar safe ke fitowa. Muka shige maɓoyar duwatsu.

Rana na leƙowa, iska ta juya, ta taso daga ƙasan kwari. Ta bugi sojojin Purdum ta baya, gashinsu ya miƙe kamar kajin da aka tsoma a ruwan zafi. Garken agwagi ya zo, ya yi shawagi sau ɗaya, ya ga 'yan uwansa sun juya wa iska gindi, ya ƙara gaba.

"Makafi!" in ji Purdum. Ya naɗe wando ya faɗa ruwan ƙanƙara, ya tumɓuke turaku, ya juya katakon, ya sake kafewa. Ya fito haƙora na kaɗawa. Bai gama zama ba iska ta komo daga tsauni.

"Yaya, ta san ka kuwa?"

"Rufe min baki, ɗan ƙauye!"

Ya koma ya juya. Iska ta juya. Ya sake komawa. Dinya suka wuce ta samanmu suna kuka, na rantse dariya suke yi. Leɓensa ya yi shuɗi, gashin bakin ya kwanta kamar jiƙaƙƙen ɓera.

"Na gano!" ya ce. "Turakun ne matsala. A cire su, katakon ya juya da kansa. Ilimi ke nan, yaro. Jeka samo itace, ƙafafuna sun mutu."

Na tafi. Shi kuma ya cire turakun, ya zagaya ɗaya gefen tafkin da bindigarsa, bayan wani dutse, ya tuɓe wando yana matsewa. Iska ta samu katako babu turke, ta turo shi a hankali har gabansa.

Ina dawowa na ji yana raɗa da ƙarfi, "Dinar, kwanta! Sun sauka! Dubi yadda suka zo min a layi!"

"Yaya, tsaya, ai waɗannan..."

Daram! Daram!

Ciyawa ta tashi sama, gashi ya rufe tafki. Purdum ya faɗa ruwa babu wando yana ihu, "Harbi biyu, garke guda! A rubuta!" Ya cafko ɗaya, ya ga ƙusarsa a gindinta. Ya sake ta a hankali.

Na tsinci guda ɗaya da ta tsira, na sa a cikin riga. Tana nan rataye a ɗakina har yau.

A hanya ya ce, "Ƙanena, in muka ce iska ce..."

"Faɗa wa liman."

Muna isa, liman ya ga hannunmu wayam, ya wasa wuƙa. Matar Purdum da kanta ta jawo ragon, fuskarta fal murmushi. Akuya na gefe tana tuƙa.

Da aka yi addu'a aka zauna ci, matar Yaya ta yi magana daga bayan labule, karo na farko da na ji dariya a muryarta tun rasuwar: "A gaishe da maharbi. Agwagin da mijina ya kashe bara, an sake kashe su bana."

Tsoho Mirza Wali, mai haƙori biyu, ya zaro wani abu daga tire ya ɗaga sama yana juyawa.

"Purdum, ɗana, Allah ya yi albarka. Na tsufa a bakin kogin nan, amma yau na fara cin agwagwa mai kofato."