Gidan Sauron Tsohon Duba-Gari

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da wata ranar Laraba bayan sallar la'asar, a farkon daminar bara waccan, a ƙofar gidan maigarin wani ƙauye na ƙasar Kebbe. Akwai maigarin, da limami, da wani matashin ma'aikacin lafiya da ya ɗauko ni a babur tun daga Tambuwal, sai magidantan da suka cika tabarmi.

Ya kamata mai karatu ya san ko ni wane ne. Tsohon duba-gari ne ni. A makarantar mishan da na yi an koya mana cewa wanda ya naɗe bargonsa a karkace, halinsa ma a karkace yake. Da wannan tarbiyya na yi aikina. Mata kan zubar da ruwan randunansu da zarar sun ji ƙarar takalmina, domin ban taɓa ganin tsutsar sauro a gidan mutum na yafe masa ba. A waccan shekarar ana shirin kafa kwamitin da zai sa ido kan amfani da gidan sauro a ƙauyuka, kuma sunana ne a gaba wajen shugabanci. Taron Larabar nan shi ne gwajina. A shekaruna, wannan kujera ce kaɗai ta rage da za ta sa a sake miƙewa idan na shigo.

Na fara da tsari. Na bayyana cewa da zarar ruwa ya zauna, kowane kududdufi da tsohuwar taya da fasasshiyar tukunya sun zama wurin haihuwar sauro. Cewa daga magariba yake fara farauta. Cewa zazzaɓi kan yi tsanani ne daga tsakiyar damina zuwa kaka. Maigari yana ta gyaɗa kai. (Da na tsaya nan, da yau ba na wannan rubutu.)

Amma a hanyarmu ta shigowa na ga gidan sauro an kifa shi kan 'yan tsaki a ƙofar wani gida. Sai na tambayi taron ko wane ne mai gidan. Aka nuna wani magidanci, Mamman. Na ce ya miƙe tsaye.

"An ba ka don 'ya'yanka," na ce masa, "kai kuma ka ba kaji. Idan ɗanka ya kwanta da zazzaɓi, kazar ce za ta kai shi asibiti?"

Ya sunkuyar da kai. Ban ce ya zauna ba.

Sa'an nan na ce bari su ga yadda mai hankali ke adana nasa. Na zo da nawa a cikin jakarsa. Da safe na umarci maiɗakina, Hajiya, ta ɗauko shi daga inda aka ajiye shi tun da na sa aka kwance shi da rani. Ban buɗe jakar ba. Ni da ke leƙa randar kowa, ban ga dalilin binciken kayan gidana ba.

Na miƙa wa matashin gefe ɗaya, na riƙe ɗaya, na kaɗa shi da ƙarfi kamar yadda aka koya mana kaɗa zanen gado. Iska kuwa wajen maigari take kaɗawa.

Wata jar ƙura ta tashi. Maigari ya yi atishawar da ta karkatar da rawaninsa. Limami ya shiga share hawaye yana salati. Sahun gaba ya watse da tari. Ga 'ya'yan barkono na zuba kan takalmina, ga busassun kararensa maƙale a ragar, kowa na gani. Na buɗe baki in yi bayani, atishawa ta riga ni, ta sake riga ni.

Mamman, wanda har lokacin yana tsaye, ya dubi maigari.

"Ranka shi daɗe, ni dai kaji nika tsarewa. Ashe gidan Malam har tonka shina kwana cikin gidan sauro."

Tonka shi ne barkono a bakin mutanenmu. Dariyar da aka yi ba ta bar ko limamin ba.

Da na isa gida na tuhumi Hajiya. Ko tankaɗen da take yi ba ta dakatar ba.

"Malam, kai kac ce a kwance shi, babu sauro da rani. To, sauro ya tahi, kaji ba su tahi ba. In bar su su watsa min shanyar tonka?"

"Me ya hana ki sanar da ni?"

"Ka tambaya? Kullum kana cin yajin, kana yabo. Ka taɓa leƙa bayan madafa?"

Ban taɓa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk abin da na faɗa a taron nan gaskiya ne, har yanzu ma gaskiya ne, amma babu mai tuna kalma ɗaya daga ciki. Atishawar maigari kawai ake tunawa. Na dai koyi cewa ba a buɗe jaka gaban jama'a sai an buɗe ta a ɗaka, kuma kafin mutum ya tsayar da wani don ya kunyata shi, ya dubi inda iska ta dosa.

An ba wani shugabancin kwamitin. A ƙasar Kebbe, Malam Tonka ake kirana.