Jawabin Da Ya Hana Mu Burtsatse

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da ƙungiyar unguwarmu ta Gidan Igwai ta zaɓe ni in yi wa sabon ɗan majalisarmu na tarayya jawabin maraba ba. Buƙatarmu ɗaya ce tak: rijiyar burtsatse, don mun gaji da bin 'yan garuwa. Murna kamar ta kashe ni! Kwana uku ina yi wa madubi jawabi, shaddata kuwa sau biyu na kai ta guga (ta aro ce, amma wannan tsakanina da ku).

Ranar taro rumfa ta cika maƙil. Na karɓi makirufo, na shiga jero wakilan da aka yi a mazaɓarmu ɗaya bayan ɗaya, ana ta tafi. Tafin nan ne ya ɗebe ni. Na ajiye takarda, na dira kan wanda ya wakilce mu tun ina sakandare. Na ce shekara da shekaru ya yi yana ɗumama kujera a Abuja, ko tiyo bai kawo mana ba, sai taliya ranar zaɓe.

Wuri ya yi tsit. Ni kuwa na ɗauka maganar ce ta ratsa jama'a, sai na ƙara wuta. Shugaban ƙungiyarmu na ta ƙyafta mini ido, na zaci jinjina ce.

Sai wani dattijo da ke zaune dama da sabon Honarabul ɗin ya ɗaga hannu, yana murmushi.

"Ɗana, ida maganarka. Ni na wanda kaka nufi."

Wayyo ni! A fosta kawai na san shi, sumul, gemu baƙi wuluk. Ashe tuni ya sauya sheƙa, shi ne ma ubangidan da ya tsayar da sabon. Kowa a rumfar ya sani ban da ni, sarkin tarihi.

Gumi ya jiƙa shaddar mutane. Na buɗe baki in ba da haƙuri, abin da ya fito shi ne, "Baba, an wuni lafiya?" A makirufo kuwa.

Burtsatse dai an haƙa, amma a unguwar da ke bayanmu. Har yau in na wuce matan layinmu da jarkoki, sai su ce, "Sannu da jawabi, Malam." Yanzu kafin in zagi tsohon wakili, sai na tambayi sunan duk mai furfura da ke sahun gaba.