Gishiri Ya Kashe Kifin Teku a Hukumar Ƙawata Gari

Kifi goma sha bakwai suka mutu cikin wata guda a akwatin gilashin da ke zauren Hukumar Ƙawata Gari, kuma jiya Talata hukumar ta karɓe takardar izinin aikin maƙwabcina Fundi Ngumbao, mai gyaran famfo, wai shi ya kashe su. Ni na raka shi. Mun shiga ƙarfe tara, aka sallame mu ƙarfe biyu, ya fito hannu wayam. A garin nan namu na bakin teku, in ba ka da wannan takarda babu otal ɗin da zai bari ka taɓa masa ko bututun banɗaki.

Ga yadda aka faro. Mai Girma Shugaban Hukuma, Allah ya ƙara masa tafiye-tafiye, ya je taro wata ƙasa ya ga kifaye masu launi suna yawo a bangon masaukinsa. Ya dawo ya ce bai dace baƙo ya shigo ofishinsa bai ga teku ba. Ta tagar ofishin ana hango tekun, amma wancan na kowa da kowa ne.

Aka kawo akwati mai cin lita dubu da ɗari biyu, da injin tura ruwa, da zanen yadda za a haɗa. Aka kira Ngumbao. Shekara ashirin da biyu yana aikin famfo bai taɓa haɗa wa kifi bututu ba, kuma bai ɓoye ba. Ya naɗe zanen, ya hau tuktuk, keken haya mai ƙafa uku, zuwa wurin Mzee Athumani, tsohon mai nutso da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kamo irin kifayen nan.

"Kai da ka saba da masai, yau kuma kifi?" in ji tsohon.

"Ai ruwa ruwa ne, Baba. Ya sauka, ya hau."

"To zauna, ɗana. Wannan ba irin naka ba ne."

Ya bi da shi dalla-dalla. Ruwa zai malalo ta bututu zuwa ƙaramin tanki a ƙasa, a tace shi, inji ya mayar da shi sama. Komai na roba, domin gishiri cin ƙarfe yake. Sannan ya ja kunnensa: zafi na shan ruwa kullum, amma ba ya shan gishiri. "Abin da ya ragu, da ruwan daɗi za a cika. Aka ƙara na teku, to gishirta su ake yi kamar waɗanda za a shanya."

Kwana shida Ngumbao ya yi yana aiki. Ya yanka, ya shafa gam, ya sa bawul na buɗewa da rufe ruwa a kowane layi. Ya cika akwatin, ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa kwana biyu don ya ga ko zai ɗiga. Bai ɗiga ba. Saura siririn bututun ruwan daɗi, wanda zane ya ce a jona da famfon ofis. Nan ya nemi Babban Mataimaki na Musamman.

"Yallaɓai, famfon nan wata bakwai ke nan bai zuba ba."

"Yana zuba. Mai Girma da bakinsa ya sanar ruwa ya dawo, har rawa aka yi. Ko ka fi shi sani ne?"

"Wane ni! To a ajiye ɗan tanki a gefe, mai kura ya riƙa kawo jarka ɗaya kullum."

"Mai kura? A wannan titin?"

A nan dole in yaba wa hukuma. Wata biyu kafin nan ta hana masu tura kurar ruwa bi ta gaban ofis, saboda suna ɓata wa baƙi kallo. Hukumar da ke mutunta dokarta ba za ta karya ta don kifi ba. Ngumbao ya jona bututun inda zane ya ce, ya rubuta gargaɗinsa a takarda ya miƙa. A gabansa Mataimaki ya ɗora kofin shayi a kai.

Aka zuba kifaye, aka yanka ƙyalle, aka ci shinkafa, aka yi jawabi uku. Bayan kwana huɗu ruwa ya ja baya, inji ya fara zuƙar iska yana ƙara kamar tsoho na kurkure baki. Ƙarar ta hana Mai Girma sukuni. Ya yi nazari, ya yanke hukunci cikin kalma huɗu: kifin teku, ruwan teku. Daga ranar, kowace safiya motar ofis kan sauka bakin ruwa da direba da jami'i ɗaya, su ɗebo jarka guda su dawo su juye a akwatin. Ni kuwa ina layin mai da kwalbata ina kallon wucewarsu.

Jiya kwamitin mutum biyar ya zauna. Mzee Athumani ya zo shaida. Ya tsoma yatsa a akwatin, ya lasa, ya tofar.

"Wannan ko kunkuru aka sa, sai ya nemi hanyar gida."

Shugaban kwamiti ya gode masa, ya ce sai dai harshe ba ya cikin kayan awon da hukuma ta amince da su.

Ngumbao ya miƙe. "Ranka ya daɗe, a nuna mini inda aikina ya yi yoyo."

"Ba yoyo muke magana ba, Fundi," in ji Mataimaki. "Ka haɗa bututu, bututu bai taɓa kawo ko ɗigo ba. Laifin wa?"

"Na wanda bai sako ruwan ba."

Aka umarce shi ya janye maganar, ya janye, aka rubuta cewa ya janye. Ya tambayi takardar gargaɗinsa, aka ce ba a taɓa ganin ta ba.

Amma kada a ce ba a yi adalci ba. Kwamiti ya yanke cewa za a gwada bututun a gaban shaidu: a buɗe famfon ofis, in ruwa ya isa akwati, a mayar masa da izininsa nan take. Muka ɗunguma bayan gini. Shugaban kwamiti da kansa ya murɗa. Famfon ya yi tari sau biyu, wani kyankyaso ya fito ya dube mu. Aka koma zaure, aka rubuta cewa an ɗage gwaji saboda ɗan tsaiko na wucin gadi, kuma takardar Fundi za ta zauna a aljihun tebur har a kammala.

A bakin ƙofa na tambayi Mataimaki yaushe ke nan. Ya ce hukuma ba ta sa wa ruwa rana. Da muka hau tuktuk, Ngumbao ya ce aikin otal ɗin da ya samu na ranar Asabar ya tafi. Takardar tasa ƙarshen watan nan take ƙarewa, kuma ba a sabuntawa sai mutum ya zo da tsohuwar a hannunsa.