Yadda Za Ka Shirya da Maƙwabciya Mai Kaji Kafin Ista

Murar tsuntsaye ta shiga babbar gonar kajin gundumarmu, an kashe kajin kaf. Kantuna sun bushe, ɗan ƙwan da ya rage kowane ɗaya ya haura lei biyu a kuɗinmu na Romaniya. Ga Ista ta matso, uwargida na son talatin, na rinawa ja da na kwaɓa cozonac, burodin bikin nan mai zaƙi. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, ƙwai zai shigo gidanka tabbas. Ni Anghel na gwada da kaina.

1. Nemo mai kaji

A layinmu mutum ɗaya ce, Tanti Veturia, mai kaji tara. Shekara bakwai ba ma magana, tun da karena ya cinye mata zakara na rantse ba shi ba ne.

2. Gaishe ta ta kan shinge

Cire hula. Kada ka kalli kajin. Na ce, "Tanti, an tashi lafiya?"

Ta ce, "Ikon Allah! Maƙwabci, ashe kana da baki? Na ɗauka kare ne kaɗai ke magana a gidanku."

Yi dariya. Masana sun tabbatar zagi ba ya kama mutum a makon da yake neman ƙwai.

3. Amsa laifin kare

Ka sunkuyar da kai, ka yabi marigayi zakara. Idan hawaye ya samu, ya fi.

4. Yi mata aiki

Likitocin dabbobi sun ce a killace kaji kada su haɗu da tsuntsayen daji. Ɗauki guduma. Kwana uku ina kafa akurki, tana kan kujera tana cewa, "Ya karkace, sake."

5. Kada ka ambaci ƙwai

Da na buga ƙusar ƙarshe ta ce, "To, nawa matarka ta ce ka roƙo?"

Na ce, "Haba Tanti, ni don zumunci..."

"Nawa?"

"Talatin."

"Tun ranar farko na sani. So nake a gama akurkin."

6. Kai gida da alfahari

Da na kawo ƙwan da Tanti ta ba ni, matata Ortansa ta ɗaga ɗaya, ta juya shi. "Ina hatimin hukuma a jikinsa? Ƙwan kajin da suka gama kiwo da tattabaru za ka ba jikokina? Fitar min da su, ka wanke hannu!"

Washegari ta tura ni birni. Na bi layi awa biyu, na sayo masu hatimi.

Gargaɗi

Ciwon baya da faɗan gida naka ne, ba ruwan marubuci. Haka ma ƙaryar da za ka yi idan Tanti ta leƙo ta tambayi cozonac. Ni cewa na yi ba mu taɓa cin irinsa ba.

Ta ce, "Madalla. Aiko min yanka ɗaya. Gwaiduwar kajina ko a ina zan gane ta."