Kujeru Huɗu Masu Lasisi

Na sha wahala iri-iri a aikin nan, amma ta kwamfuta daban ce. Buhu bayanka yake karyawa, ita kuwa mutunci take zubarwa. Ba zan taɓa manta ranar kujerun nan ba, ko na so ma 'yan ofis ba za su bari ba.

Ni ke riƙe da ofishin Alhaji Sabo, mai sayen riɗi a Birnin Kudu. (Karatuna firamare ne, ita ma ban ga ƙarshenta ba.) Da kasuwa ta buɗe, Alhaji ya ƙara ma'aikata, ya buɗe reshe a Gwaram, aka jona kwamfutocinmu da wata babba da ke ƙuryar ɗaki, wai sunanta saba. Sai ta tsiro da hali: in mutum biyar suka shiga, na shida korarsa take yi.

Alhaji ya ce, "Ɗanladi, in abin nan ya fi ƙarfinka ka koma sito wajen awo, in kawo mai digiri." Ni kuwa ƙurar sito ce ta ba ni tarin da nake fama da shi har yau.

Na kira Injiniya Rabi, wadda ta zo daga Dutse ta haɗa mana kayan. Ta ce, "Baba Ɗanladi, ba lalacewa ta yi ba. Lasisin manhajar na kujera biyar ne, ku kuma kun zama tara. Sai kun sayi ƙarin kujera huɗu. Ka gane?"

Na ce, "Tun kafin ki rufe baki."

Na waiga, ai kuwa sababbin ma'aikatan nan a kan benci suke zaune. Na ce a raina, ashe na'ura ma ba ta son raini.

Na wuce wajen Iliya kafinta, na ce kujeru huɗu nake so, masu soso, kuma masu lasisi. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Malam Ɗanladi, ni tunda nake ban taɓa yin kujera marar lasisi ba." Biyu na ɗaure a bayan babur na kai Gwaram da kaina, ƙafar ɗaya tana sukata a haƙarƙari har muka isa. Biyu na rufe da zani a ofis, don a ga ban tsaya wasa ba.

Ranar da Injiniya ta zo, Alhaji yana nan, ma'aikata duk suna nan. Ta ce, "An sayi kujerun? Ina lambobin da aka turo?"

Na yaye zanin. Na ce, "Ga biyu, biyu suna Gwaram. Lamba kuwa, yanzu Iliya zai zo da fenti."

Injiniya, Allah ya saka mata, bakin mayafinta ta cije ta juya wa bango fuska, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu numfashi ta ce kujera a nan izini ne na mutum ɗaya ya shiga, ba a ganinta, ba a zama a kanta.

Alhaji ya juyo ya kalle ni. Ya ce, "Ɗanladi, bara da na biya wa gyatumarka kujerar Makka, wane kafinta ne ya sassaƙa?"

Nan kowa ya saki abin da yake riƙewa. (Har mai gadi ya leƙo, shi da bai san me ake ciki ba.) Na tsaya da zani a hannu, na ce, "To Alhaji, sito ke nan?"

Ya goge hawaye da hularsa ya ce, "Ka zauna. In ka tafi wa zai ba mu dariya? Wurin zama kuwa ka riga ka tanada."

Tun ranar na gane "ban gane ba" ta fi kujera sauƙin ɗauka.

Washegari da safe na zauna a kan ɗaya daga cikinsu, mai laushi ce kam, na kira Injiniya. Na ce, "'Yata, jiya kin ce a sayo wa kwamfuta sabon linzami. Kafin in tafi wajen dukawa, yi min bayani a hankali."