Ranar da Na Yanka wa Sharika Rago

Ba zan taɓa mantawa ba, har ranar da za a lulluɓe ni, da wata Juma'a a ƙauyenmu na gefen Abu Hujar.

Usmanu, babban ɗana, shi ya zo da maganar. Ya ce yana so ya buɗe sharika, wato kamfanin sayen riɗi, irin wadda ake ce wa mahaduda, wadda in ta yi hasara ba a taɓa gidan mutum. Ya ce hukuma ba ta yi wa mutum ɗaya, sai da abokin tarayya. Ni ce abokiyar. Aka kai ni Sinja na dangwala yatsa (ban taɓa riƙe alƙalami ba, kuma ba ranar zan fara ba). Muhami, wato lauya, ya karɓi nashi. Ofishin rajista ya karɓi nashi. Aka yi hatimi, aka kama ɗaki, aka kafa allo a ƙofa. Jar saniyata ce ta tafi a hidimar. Na ce to, an saya, an biya, an gama.

Usmanu ya tafi Jidda neman jari. Shekara ta zagayo, sai ga maƙwabcinmu Alhaji Sani ya dawo daga umara da ambulan. Ya ce, "Hajja, in ji Usmanu, kuɗin sabunta takardun sharika ne, da na mai duba lissafi, da na haraji. Muhami zai biyo ya karɓa. In wata ya ƙare ba a biya ba akwai tara, kuma ba zai shiga kasuwar riɗi da kaka ba."

Na ji saƙon sarai, kada a ce ban ji ba. Amma na zauna na yi nawa tunanin. Sharikar nan ko buhu ɗaya ba ta saya ba, to me za a duba a lissafinta? Abin da aka biya bara kuma, wa ke sake biyan shi bana? Na ce mutanen birni ne ke cin yaron. Abin da na ga an tauye shi ne, tun da aka kafa ta ba a zubar mata da jini ba. Mu nan ko injin ban ruwa mutum ya saya sai ya yi karama, ya yanka, maƙwabta su ci su yi addu'a. Na ce shi ya sa ba ta motsi.

Na buɗe ambulan. Na sayi rago, wanda ya fi kowane a kasuwa. Na sayi sukari da gahawa, mata suka kwana biyu suna shirin kisra, wainarmu ta dawa mai fale-fale.

An sauko daga masallaci, gida ya cika, sai ga muhami a mota. Na yi murna ƙwarai. Na zaunar da shi a kan gado a inuwa, na zaɓa masa haƙarƙari da hanta. Ya ci, ya ƙara. Ya wanke hannu, ya sha gahawa, sannan ya ce da Larabci, a gaban matan duka, "Ya Hajja, amanar da Usman ya ce tana wurinki."

Na ce, "Ustaz, ai ka ci rabonka daga cikinta."

Ya dubi tiren da ke gabansa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake wa mara lafiya. Ya ce sharika duk shekara sai an biya mata.

Na ce, "Ko ba ta yi aikin komai ba?"

Ya ce, "Ko tana barci, ya Hajja. Saura kwana tara."

Sai aminiyata Ta-Sallah (Allah ya ji ƙanta, bakinta bai taɓa hutawa ba) ta ce, "To yaya, an yi wa takarda suna. Yaushe ne yaye, mu shirya?" Matan suka tura fuska cikin mayafi, kafaɗunsu na rawa.

Awakina uku da 'yan kunnena na zinariya su suka cike gurbin. Da ƙafata na kai Sinja, ana saura kwana biyu. Da Usmanu ya kira a wayar Alhaji Sani na faɗa masa komai. Sai ya ce, "Inna, an dai yi addu'a?"

Na ce an yi, mai yawa.

Ya ce, "To, Allah ya karɓa."

Abin da na koya shi ne hukuma ba ta karɓar nama. Yanzu in aka ba ni amanar kuɗin ofis, miƙawa nake yi tukuna, hikimata kuma in riƙe ta sai bayan an ba ni rasit.